Land Rover ko Land Cruiser: amsa ga mai fataucin dabbobi a Azawak

Wani bawan Allah daga Tahoua, wanda sana'arsa fataucin dabbobi ce tsakanin kasuwannin Abalak da Tchintabaraden, ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ya ce tun yana yaro motar daji ɗaya ya sani, wato Land Rover, domin ita mahaifinsa ya tuƙa kuma ita ya riƙa gani a hannun jami'an gwamnati, amma yau duk inda ya waiga Toyota ce, saboda haka yana son sanin abin da ya kawo wannan sauyi. Na biyu kuma, an yi masa tallar wata tsohuwar Defender ta kamfanin Land Rover da aka hawo da ita daga Kwatano a kan kuɗin da ya yi ƙasa sosai da na Land Cruiser ta Toyota mai shekaru irin nata, yana neman shawara ko ya saya.

Alhaji, tambayoyin nan biyu amsarsu guda ce, kuma ina ba da ita ne a matsayin wanda ya daɗe yana kula da motocin ayyukan raya karkara a wannan jiha, ya kuma kwanta a ƙarƙashin motocin kamfanonin biyu. Land Rover ba ta bar hanyoyinmu don ta kasa hawan tudu ko ratsa rairayi ba. Ta bar su ne domin an kai lokacin da mai ita yakan yi makonni yana jiran ƙaramin ƙarfe, alhali maƙwabcinsa mai Toyota yana cin kasuwa. Kafin in kai ga motar da aka yi maka talla, ya kamata mu bi tarihin, saboda a cikinsa ne za ka ga dalilin da ya sa farashin biyu suka bambanta haka.

Land Rover ta fito ne daga kamfanin Rover na Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu ƴan'uwa biyu ne ke riƙe da ragamar kamfanin a lokacin, Spencer Wilks yana shugabanci, ƙanensa Maurice Wilks kuma yana jagorantar zanen motoci. Maurice yana da gona a tsibirin Anglesey, inda yake aiki da wata Jeep ta sojan Amurka da yaƙi ya bari, kuma daga nan ne a 1947 ya yi tunanin ƙera abin da zai yi wa manomi aikin mota da na tarakta a lokaci ɗaya. An nuna motar a bainar jama'a a birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilun 1948, aka kuma riƙa haɗa ta a masana'antar Solihull. Da yake gwamnati ce ke raba ƙarfe a wancan zamani na ƙarancinsa, sai suka yi gangar jikin da alminiyam, wanda ya sa har yau za ka ga tsohuwar Land Rover a bayan gareji injinta ya mutu da daɗewa amma jikinta bai yi tsatsa ba. Kamfanin ya ɗauka zai yi ta ne na ɗan lokaci kafin kasuwar ƙananan motoci ta farfaɗo, sai ga shi ita ce ta riƙe kamfanin. Series II ta zo a 1958, Series IIA a 1961, Series III a 1971, kuma waɗannan biyu na ƙarshe su ne mafi yawan abin da iyayenmu suka sani, da injinsu mai lita 2.25 na fetur ko na gazuwal. A 1970 aka fitar da Range Rover, wadda ta lashe ɓangaren motoci a tseren Paris-Dakar na farko a 1979, tseren da ya ratsa ta Agadez da Yamai, ta kuma sake lashewa a 1981.

Toyota kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Kiichiro Toyoda ne ya kafa kamfanin motocin a 1937, daga dukiyar da mahaifinsa Sakichi ya tara a sana'ar ƙera injinan saƙa. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, aka buƙaci kamfanonin Japan su samar da ƙaramar motar soja, sai Toyota ta fito da wadda ta kira BJ a 1951, da injin fetur mai silinda shida da aka ɗauko daga babbar motar kaya. Ba ta ci kwangilar farko ba, Mitsubishi ce ta samu, amma a wannan shekarar direban gwaji Ichiro Taira ya hau da ita har zango na shida na dutsen Fuji, abin da ya jawo hankalin ƴan sandan ƙasar suka fara saye. A 1954 aka raɗa mata suna Land Cruiser. Samfurin 40 da ya fito a 1960 shi ne ya kai sunan ko'ina a duniya, aka yi ta ƙera shi a Japan har 1984, sa'annan samfurin 70 ya gaje shi, wanda har yanzu ana fitar da shi sabo daga masana'anta. A 2019 kamfanin ya sanar cewa adadin Land Cruiser da ya sayar ya haura miliyan 10.

Abin lura a nan shi ne tun ranar farko dabarar kamfanonin biyu ta sha bamban. Ingila ta sa ƙaramin inji mai silinda huɗu a cikin mota marar nauyi, ta dogara da hikimar zane. Japan ta sa babban injin da ba ya wahala, ta kuma yi kowane ƙarfe da kauri fiye da abin da aikin yake bukata. A gonar Turai dabarar farko ta wadatar. A hanyar Tillia, inda motar da aka yi wa nauyin tan ɗaya ake ɗora mata kusan ninkinsa, cikin zafin watan Afrilu da Mayu, dabara ta biyu ce ke kai mutum gida.

Sai dai ba wannan kaɗai ya kayar da Land Rover ba, domin da kamfaninta ya tsaya da ƙafafunsa da ya gyara rauninta. A 1967 Rover ya shiga hannun Leyland, a 1968 aka haɗa shi cikin katafaren British Leyland, wanda asara da yajin aiki suka dabaibaye har gwamnatin Ingila ta karɓe shi a 1975. Ribar da Land Rover ke kawowa sai ta riƙa tafiya wajen toshe ramukan wasu motocin, ita kuma aka bar ta kusan yadda take, ga jinkirin isar da oda, ga ƙarancin kayan gyara a ƙasashe masu nisa. Wannan ya faɗo daidai lokacin da Nijar ta fi bukatar motocin daji a tarihinta. Kamfanin haƙar ma'adinai na SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, na COMINAK ya biyo baya a 1978, aka shimfiɗa hanyar Tahoua zuwa Arlit, sa'annan fari na 1973 da 1974 da kuma na 1984 suka kawo ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara irin na Keita, wanda aka fara a 1984. Duk waɗannan masu sayen mota ne da yawa a lokaci ɗaya, kuma abin da suke tambaya shi ne yaushe za a kawo, kuma in ta lalace ina kayan. Toyota tana da amsa, Land Rover ba ta da ita. Motocin da waɗannan ayyuka suka gama da su aka yi gwanjonsu, su ne suka shiga hannun ƴan kasuwa, a kansu yaran gareji suka koyi aiki, saboda su ne masu shaguna suka fara tara kayan Toyota, kuma daga nan abin ya riƙa ciyar da kansa. Yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda duniya ta laƙaba wa sunan Toyota saboda yadda sojojin Chadi suka yi amfani da ƙananan motocin a-kori-kura wajen fatattakar tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum, ya ƙara wa sunan kwarjini a duk faɗin Sahara, ko da yake kwarjini ne da ya jawo wa masu irin motar fitinar da zan ambata a gaba.

Land Rover ta yi yunƙurin dawowa, kuma adalci ne a faɗi cewa yunƙurin mai kyau ne. A 1983 ta fitar da samfurin 110, a 1984 ta fitar da samfurin 90, ta sauya lam, wato fala-falan ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, da sifirin mai naɗi, wanda ya sa motar ta fi Toyota ta wancan lokaci taushi a kan gargada nesa ba kusa ba, aka kuma sa musu suna Defender a 1990. Amma kasuwar ta riga ta tafi, kamfanin kuma ya ci gaba da sauya iyayengiji: BMW a 1994, Ford a 2000, Tata ta Indiya a 2008. Kowane ya fi karkata ga motocin alfarma, inda ribar take. An rufe layin tsohuwar Defender ranar 29 ga Janairun 2016, kuma sabuwar da ake ƙerawa a Silobakiya mota ce ta kwamfuta daga gaba har baya, wadda ba don kasuwar Abalak aka zana ta ba. Toyota a nata ɓangaren ta ƙara kafa ƙafa a nahiyar, domin a 2012 reshenta na kasuwanci, Toyota Tsusho, ya sayi CFAO, tsohon kamfanin Faransa da ke dillancin motoci a ƙasashenmu.

Yanzu ga abin da masu motocin suka gani da idonsu. Wanda ya riƙe Series III zai gaya maka cewa mota ce da ake kwance ta da ƴan sifanu kaɗan, kuma ba ta nutsewa a yashi da sauri saboda rashin nauyinta. Zai kuma gaya maka, in ya yi gaskiya, cewa sandar da ke juya tayar baya tana karyewa idan aka matsa mata da lodi a cikin rairayi, har direbobi suka saba tafiya da ta ajiya a bayan kujera, cewa ɗigar mai ba ta rabuwa da ita, kuma wayoyin wutarta suna son a riƙa lallaɓa su. Defender ta gyara wasu daga ciki. A ganina mafi dacewa da ƙasarmu a cikin injinanta su ne 200Tdi na 1990 da 300Tdi na 1994, domin famfon mansu na ƙarfe ne zalla babu kwamfuta, suna da tattalin gazuwal, suna kuma da kuzari fiye da girmansu. Rauninsu zafi ne. Kan injin na alminiyam ne, kuma idan ruwa ya tsiyaye direba bai lura ba, tafasa ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi. Daga Td5 na 1998 zuwa injinan Ford da aka fara sa wa a 2007, kwamfuta ce ke raba mai, kuma ranar da ta ƙi tashi a Tassara babu mai na'urar da zai tambaye ta abin da ke damunta.

A ɓangaren Toyota, zancen duka yana komawa kan inji ɗaya, wato 1HZ, wanda aka fara sa wa a 1990. Silinda shida ne, lita 4.2, na gazuwal, babu turbo, babu kwamfuta, ƙarfinsa wajen doki 130 kacal, abin da ƙaramar motar birni ta yau za ta iya fi. Wannan rashin ƙarfin shi ne sirrin tsawon ransa, domin inji ne babba da ake nema wa aiki kaɗan, kamar raƙumin da aka ɗora wa kayan jaki. Yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, ko da yake haƙurin yana da iyaka, kuma duk wanda ke shan man kwalba na bakin hanya ya kamata ya ƙara matata ta biyu mai raba ruwa da mai kafin famfo, ya kuma riƙa tsiyaye ta. Yana shan wajen lita 12 zuwa 14 a kilomita 100 a kan kwalta, ya fi haka sosai a yashi. Abu uku na ga suna kashe shi, kuma dukansu daga hannun mutum suke. Na farko shi ne mantawa da bel ɗin da ke daidaita bugun injin, wanda mai hankali ke sauyawa a kilomita 100,000 ba tare da jiran ya tsinke ba, domin in ya tsinke bawul da fistan ne za su yi karo. Na biyu shi ne ɗaura masa turbo na kasuwa don neman gudu, alhali ba a gina fistan ɗinsa don wannan zafin ba. Na uku, wanda ya fi shafar mai bin Azawak bayan damina, shi ne ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa da ke toshe lagireto daga waje har iska ta daina wucewa. Raga a gaban lagireto da busa shi kowace yamma sun fi duk wani maganin da za a zuba a ciki. Akwatin giyar Land Cruiser samfurin 78 da 79, waɗanda suka gaji samfurin 75 a 1999 da sifirin mai naɗi a gaba da lam a baya, ba ya son a ja kaya mai nauyi a giya ta biyar, kuma direban da ya saba sauka ta huɗu idan mota ta cika yana ƙara wa akwatin shekaru.

Akwai wani bambanci na tuƙi da ke lalata motoci da yawa idan direba ya sauya daga ɗaya zuwa ɗaya. Defender kullum da ƙafa huɗu take ja, abin da direba ke yi kawai shi ne kulle tsakiya idan ya shiga yashi ko taɓo, ya buɗe idan ya fito. Land Cruiser 70 kuwa da ƙafafun baya take tafiya, sai an murɗa makullan da ke kan tayoyin gaba an kuma ja ƙaramin sandan giya kafin ta zama kat-kat, kuma barin ta a haka a kan kwalta yana murɗe ƙarafan har wani ya karye. A yashi mai laushi rage iskar taya ya fi ƙara wuta amfani, muddin za a mayar da iskar kafin a hau hanya mai duwatsu. Ina kuma roƙon ka da ka ja kunnen duk direban da za ka ɗauka a kan koramun Ader da Majiya lokacin damina: bututun iskar da ke tsaye a gefen gilashi yana kare inji daga ƙura da ruwa, amma ba ya hana ruwa mai gudu ɗaga mota, kuma na san gidajen da suka yi zaman makoki saboda an ƙi jiran awa biyu ruwa ya janye. Haka ma lodin da ake tarawa a saman rufi, wanda shi ne ke kifar da waɗannan dogayen motoci a kwana.

To, game da Defender ɗin da aka yi maka talla, shawarata ita ce kada ka saye ta a matsayin motar neman abinci. Arahar da ka gani kasuwa ce ta riga ta lissafa maka wahalar kayan gyara da wahalar sayarwa daga baya. Matatar mai ko bel ko lam na Land Cruiser za ka same su a Tahoua, sau da yawa har a Abalak, kuma makaniken da ya san 1HZ yana kusan kowane gari mai tasha. Na Defender sai an aika Yamai ko Kwatano ko Kano, wani lokaci sai daga Turai, kuma ranar kasuwa ba ta jiran kowa. Idan son motar mahaifinka ne ke jan ka, wanda abu ne da nake girmamawa domin ni ma ina son ta, to ka duba takardar injin: in 300Tdi ce, shasinta lafiya, kana kuma da wata motar da kake aiki da ita, ka saya ka tara kayanta a hankali, za ta yi maka zirga-zirgar gona da ta iyali cikin jin daɗi. In Td5 ce ko wadda ta biyo bayanta, ka bar ta ga mazaunin Yamai.

Ita ma Land Cruiser ɗin ba sunan za ka saya ba, motar da ke gabanka za ka saya, kuma tsadarta ta sa ha'inci ya yi yawa a kanta. Lambar kilomita da ke kan allo ba hujja ba ce, domin mayar da ita baya aikin ƴan mintuna ne. Ka je da makanikenka da sassafe a tayar da injin yana sanyi, ka ga ko ya tashi bugu ɗaya, ka kuma kalli hayaƙin, fari mai daɗewa ko shuɗi alama ce ta kashe kuɗi. A buɗe murfin lagireto kafin injin ya yi zafi a duba ko ruwan yana kumfa ko yana da maiƙo. A shiga ƙarƙashi da fitila a bi shasi daga gaba zuwa baya, musamman wajen da lam ke kamawa da bayan akwatin sitiyari, a nemi walda da aka shafe da baƙin fenti, domin motar da ta yi aikin zinariya a Djado ko ta yi jigilar hamada a nan take nuna shekarunta. Wadda ta fito daga Turai kuma tsatsar gishirin hanya ake nema a jikinta. Idan ƙwallon da tayar gaba ke juyawa a kansa ya jiƙe da baƙin mai, gyara ne da ke jiran ka, sai a rage shi daga farashi. Bayan ka saya, matatar mai da ta iska da bel ka neme su na asali ko da sun ninka kuɗi, saboda jabun da ke cikin kwali mai tambarin Toyota ya cika kasuwa.

Sai maganar takardu da tsaro, wadda a wannan yanki ta kai maganar inji nauyi. Lambar da aka buga a jikin shasi dole ta yi daidai da ta katin mota da ta takardar duwan harafi da harafi, kuma duk wurin da ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, ka tashi daga cinikin komai daɗin farashi, domin a-kori-kurar 79 tana cikin motocin da aka fi sacewa ana tsallaka iyaka da su. Tillia da Tassara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma sabuwar 79 mai sheƙi a waɗannan hanyoyi tana jawo idon da ba ka so. Saboda haka ga mai sana'a irin taka na fi karkata ga tsohuwar 75 ko 79 mai 1HZ wadda fentinta ya kwanta amma ƙarƙashinta lafiya, a riƙa tafiya da ita cikin ayarin ƴan kasuwa da rana, da tayoyin ajiya biyu da jarkar ruwa ta injin daban da ta sha. Idan kuɗinka bai kai nan ba, kuma yawancin tafiyarka a kan kwaltar Tahoua zuwa Abalak ce da ƴan rassan da ke kusa da ita, tsohuwar Toyota Hilux mai gazuwal marar kwamfuta za ta ɗauki awaki da buhunan dusa, da sharaɗin ka tsaya a kan nauyin da aka rubuta mata, domin shasinta bai kai na Land Cruiser kauri ba.